Ƙwan da muka gani bayan Babbar Sallah: yadda tsutsar hanta ta ɓoye mana kusan wata uku

Saura kwana huɗu ko biyar a yi ƙaramar sallah ta 2024 aka fara kawo min samfurin matar nan, ana tsakiyar zafin Afrilu kowa bakinsa a bushe. Ni ma'aikacin lab ne a wani asibitin gwamnati na ƙaramar hukuma, aikina kenan duba jini da fitsari da bayan gida, kuma abinda yasa na zauna nake rubuta wannan shine har yau abin yana min ciwo a rai, yadda baiwar Allahn nan ta kwashe kusan wata uku tana shan magungunan da ba nata ba, kuma da hannuna a ciki.

Mace ce 'yar kimanin shekara 35, 'ya'yanta biyar, daga wani ƙauye na bakin fadama. Mijinta noman rani yake, albasa da tumatir da latas da lansir, ita kuma a gida take haɗa kwaɗon lansir da salak da ƙuli-ƙuli yara su fita talla. Wannan duk daga baya na sani, ranar farko ba wanda ya tambaye ta sana'arta, a kati dai an rubuta matar aure shikenan. Abinda ta zo da shi zazzaɓi ne mai tasowa da yamma kusan sati biyu, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama wanda take cewa kaman an ɗora mata dutse, ba ta son abinci, ga tashin zuciya, sai borin jini da yake fito mata ya kwanta ya sake fitowa. Kafin ta iso wajenmu ta sha maganin maleriya sau biyu a kemis, an mata alluran taifot, kuma da yake azumi ake kowa a gidan ya riga ya yanke cewa olsa ce ta tashi, ana ta ba ta farin ruwan maganin nan tana kurɓa da sahur.

Dakta ya rubuto gwaje-gwaje kaman yadda aka saba. Maleriya babu. Ciwon hanta na B da na C babu. Jininta ya ɗan yi ƙasa. Bayan gida kuma na masa irin duban da muke yi kullum, wato ka lakato da tsinke abinda bai fi kan ashana ba, ka dama da ɗigon ruwan gishiri a kan gilashi, ka rufe ka leƙa a maikiroskop. Ban jima ba na ci karo da ƙwan hukwom, tsutsar nan mai shan jini a hanji da take shiga ta fatar ƙafa in mutum yana yawo ba takalmi a danshi. Ƙwanta ba ya ɓuya, ɓawonsa siriri ne garau kaman leda, da 'yan dunƙulen ƙwayoyi a tsakiya. Na rubuta, zuciyata ta kwanta na samo abu.

A jinin kuma da na ƙirga fararen ƙwayoyi, akwai wani nau'i da ake kira iyosinofil, su ne suke tashi in tsutsa tana ratsa naman jiki ko mutum yana da asma ko jikinsa ya ƙi wani abu. A mai lafiya ba su cika wuce biyar ko shida cikin ɗari ba. Nata sun haura arba'in. Toh a nan na yi kuskuren da ya ja komai, na ga ƙwan hukwom na ga iyosinofil sun hau sai na ɗaura su aure na wuce, alhali hukwom da ta daɗe a hanji ba ta cika kai su can ba, kuma ba ta sa zazzaɓi da ciwon gefen hanta. Da ya kamata in tashi da ƙafata in je in sami Dakta in ce masa wannan adadin ya fi ƙarfin ƙwan da na gani. Ban je ba. Aka ba ta albendazol, maganin tsutsar ciki, da maganin ƙarin jini ta tafi sallah.

Bayan sati uku ta dawo, ta ƙara ramewa. Na sake duba bayan gida, hukwom ta tafi, fes, ba komai. Iyosinofil kuwa ko gezau. Dakta ya tura su birni a yi sikanin, hoton ya nuna hanta ta ɗan kumbura da wasu 'yan tabo-tabo masu duhu a jere kusa da gefenta, mai hoton ya rubuta cewa mai yiwuwa ƙurji ne ke tasowa a hanta. A wajenmu in aka ce ƙurji a hanta amiba ake fara kawowa, irin wadda take sa atini, dan haka aka ɗora ta a kan Flagyl kwana goma. Abu biyu ya kamata su tsayar da mu. Na ɗaya amiba ba ta tada iyosinofil, kuma ƙurjinta galibi ɗaya ne babba mai kewaye, ba 'yan ƙanana a jere kaman sawun tafiya ba. Na biyu mai ƙurjin amiba in ya fara Flagyl cikin kwana uku zuwa biyar za ka ga zazzaɓi ya sauka ya fara neman abinci. Ita ta cinye kwana goman nan sai ɗacin baki da ta ƙaru da shi.

Daga nan tunani ya koma kan tsargiya, kuma wannan ba laifi bane dan mutanen fadama da masu aiki a kanal suna fama da ita sosai, akwai nau'in fitsari da kowa ya sani akwai kuma na hanji, Schistosoma mansoni, wanda ƙwansa yake maƙalewa a hanta, kuma farkon kamu yana iya zuwa da zazzaɓi da borin jini da iyosinofil sama, sak irin nata. Na juya fitsarinta a inji na duba, babu. Bayan gida sau biyu, babu. Duk da haka Dakta ya ba ta firazikwantal, maganin tsargiya, daidai nauyinta, yace in ita ce mun huta. Ba abinda ya canza. A lokacin nan 'yan uwanta sun fara gajiya da asibiti, surukarta tace shawara ce aka shiga jiƙe-jiƙen saiwoyi, wasu suka fara maganar sammu, kuma wallahi ban ga laifinsu ba, mutum ya sayar da buhun albasa ya biya sikanin da mota da magani kala huɗu ba sauƙi, dole ya nemi wata ƙofar.

Abinda yake faruwa a cikinta duk tsawon lokacin nan, wanda sai daga baya muka haɗa, shine tsutsar hanta ce take tafiya ba ta kai masauki ba. Wannan tsutsa, Fasciola, asalinta ta shanu ce da tumaki da awaki, duk mahauci ya santa, faffaɗa ce kaman ganye, irin ta ƙasarmu wato Fasciola gigantica tana kai santimita bakwai a tsawo. Ƙwanta yana fita a kashin saniya ya faɗa ruwa, ya ƙyanƙyashe, ɗan ya shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwan daɗi ya hayayyafa a ciki, sai su fito su manne a jikin ciyawa da ganyen da ke cikin ruwa ko bakin ruwa su yi wa kansu kwanso su jira. Saniya ta ci ciyawar, ko mutum ya ci ɗanyen ganye, ko ya sha ruwan kududdufin. In ta shiga ciki ba ta zama a hanji, huda bangon hanjin take ta ratsa ta isa hanta ta fasa ta shiga, ta yi makonni tana haƙa hanya tana cin naman hantar, wannan shine zazzaɓin da ciwon da 'yan tabon nan da suka fito a jere a sikanin. Sai ta isa hanyoyin da ruwan matsarmama yake bi sannan ta zauna ta balaga ta fara ƙwai, kuma daga haɗiya zuwa fara ƙwai wata uku ne zuwa huɗu. Kenan duk watan Afrilu da Mayu muna neman ƙwan tsutsar da ba ta isa yin ƙwai ba. Ko sau ɗari na duba ba zan gani ba. A wannan matakin gwajin jini na ELISA ne yake kama ta, dan jiki yana fara nuna alamar yaƙi da ita tun sati biyu zuwa huɗu da kamuwa, mu kuma ba mu da shi, kuma gaskiya ko a ranmu ba mu kawo ta ba balle mu nema.

Babbar Sallah ta faɗo 16 ga Yuni. Kwana biyar bayanta suka dawo, wannan karon ciwon ya canza salo, zazzaɓin ya ja baya amma murɗa take taso mata mai tsanani a wajen nan dai na dama har bayanta, musamman in ta ci soyayyen nama, idonta kuma ya ɗan yi ruwan ɗorawa. Ranar ina ɗakin jini, wani yaro ɗan bautar ƙasa da aka turo mana shi yake kan bayan gida, sai naji yace, "Oga dan Allah zo ka ga wani abu, ban taɓa ganin ƙwai mai girman wannan ba."

Na leƙa. Ƙwai ne ƙato mai siffar ƙwan kaza amma ya fi tsawo, kalarsa ruwan zuma mai haske, ɓawon siriri sumul, cikinsa cike da 'yan ƙwayoyi birjik ba siffar wata halitta, a ɗaya ƙarshen kuma in ka juya makunnin a hankali za ka ga wani ɗan layi siriri ya gitta kaman murfin tulu. Maikiroskop ɗinmu ba shi da ma'auni a ido, sai na ɗauko wani tsohon samfurin hukwom da nake ajiye da shi a fomalin, ruwan da ke hana samfuri ruɓewa, dan ɗalibai na ɗiga a gefe, wannan ya ninka na hukwom sau biyu har da ɗori. Da maikiron ake auna su, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, na hukwom tsawonsa maikiron 60 zuwa 75 ne, na Fasciola daga 130 ne zuwa 150, na gigantica ma yana kai 190.

Abu na farko da na cire shine mansoni, dan shima ƙato ne kuma ruwan ɗorawa, tsawonsu yana shiga na juna. Bambancin shine na mansoni yana da ƙaya a gefe, ba shi da murfi, kuma ɗan yana kwance a ciki da siffarsa. Amma ƙayar tana iya ɓuya in ƙwan ya kwanta a kanta, shiyasa na ɗan taɓa murfin gilashin da tsinke ƙwan ya mirgina, ba ƙaya ta kowane ɓangare. Na ƙara dannawa kaɗan sai murfin ya ɓalle ya buɗe kaman an buɗe kwalla. Ƙwan macijin ciki da ba a barbara ba shima dogo ne yana ruɗa sabon hannu, amma bai cika wuce maikiron 95 ba, bayansa kuma gurzau yake, ba murfi.

Yaron nan kafin in gama ya riga ya duba hoton da ke manne a bango ya rubuta Fasciolopsis buski a takarda. Ban masa faɗa ba dan idonsa bai yi ƙarya ba. Buski tsutsa ce ta hanji, 'yar uwar Fasciola, kuma ƙwansu ba a iya rabewa da ido, girma ɗaya kala ɗaya murfi ɗaya, ko ƙwararru a manyan ƙasashe in ƙwai kaɗai suka gani sukan rubuta sunayen biyu ne a tare. Akwai masu cewa ƙarshen na Fasciola wanda ba murfi yana da ɗan kaushi, amma ba abin dogaro bane. Nace masa ajiye biron, wannan ba maikiroskop ne zai raba mana ba, baki ne.

Muka fita baranda inda suke zaune ita da mijin. Nace, "Malam, maiɗakin nan taka ta taɓa fita ƙasar waje? Ko aikin hajji?" Yace, "Likita iyakarta Kano, shima sau biyu." Toh buski ta Asiya ce, Sin da Indiya da Bangaladash da Tailan da Biyetnam, inda ake kiwon aladu kusa da tafkunan da ake cire wasu 'ya'yan ruwa ana ɓarewa da haƙori. Zamanta a ƙaramin hanji ne, gudawa take sawa da kumburin jiki in ta yi yawa, ba ruwanta da hanta. Sannan babbar hujja, firazikwantal yana kashe buski, ita kuma ta sha shi wata ɗaya da ya wuce. Fasciola ce kaɗai a danginsu take yi wa firazikwantal taurin kai, albendazol ɗin da muke bayarwa ma bai isa ya taɓa ta ba. Kaga rashin jin maganin nan da ya dame mu ashe shi kansa amsa ne.

Tambayar tafiya ba wasa bace a yanzu, dan 'yan kasuwarmu suna zirga-zirga Guwanzu ta ƙasar Sin, ɗalibanmu suna Misira. A Sin da maƙwabtanta akwai wasu tsutsotsin hanta ƙanana, Clonorchis da Opisthorchis, da ake ɗauka ta ɗanyen kifi, waɗanda in sun daɗe suna iya kawo kansar hanyar matsarmama, ƙwansu ƙanƙane ne wajen maikiron 30, kuma shima yana da tagwayensa na hanji irin Heterophyes da ake samu a bakin kogin Nilu. Wato su ma na hantar suna da na hanji masu ƙwai irin nasu.

Na kusa rubuta sakamako sai wani abu ya faɗo min. Ina da aboki likitan dabbobi da yake duba nama a abbatuwa, ya sha ba ni labarin yadda suke yanke hantar shanu su ga tsutsotsin nan suna motsi. Na kira shi a waya, ina gama bayani yace, "Mutumina yau kwana nawa da sallah? Ka tambaye ta ta ci hanta?"

Na koma nace, "Hajiya kin ci hanta kwanan nan?" Ta dube ni da idonta da ya faɗa tace, "Likita wa bai ci hanta ba a satin nan?" Mijin ya karɓe yace su bakwai suka haɗu suka yanka sa, hantar ma da aka buɗe akwai wasu jijiyoyi farare masu tauri kaman kara har wuƙa tana ƙaras-ƙaras, mahaucin ya yanke wajen ya yar suka raba sauran, aka gasa wata aka soya wata, kwana uku ana ci. Waɗannan fararen jijiyoyin hanyoyin matsarmama ne da tsutsar ta daɗe a ciki har suka ƙandare, kuma ko an yanke wajen da ido yake gani ƙwai yana nan dubbai a sauran hantar. Wuta tana kashe shi amma ba ta narka ɓawonsa, ciki ma ba ya narka shi, haka zai bi hanji ya fito a bayan gida cif kaman na mai cuta. Cin hantar ba ya sa wa mutum tsutsar, dole sai ta bi ta dodon koɗi, ƙwan wucewa kawai yake. Wato a satin Babbar Sallah za ka iya samun ƙwan Fasciola a bayan gidan mutum mai ƙoshin lafiya, ka ɗora masa cutar da ba shi da ita. Ita dai alamunta duk sun nuna, amma ƙwan da ke gabana ba zan iya rantsuwa nata bane ko na san layya.

Na je na sami Dakta, wannan karon da ƙafata, muka tsara abu mai sauƙi. Gobe a kawo bayan gidan mutum biyar, ita da mijin da abokiyar zamanta da manyan yara biyu. Sannan gidan gaba ɗaya a daina cin hanta da kayan ciki har kwana bakwai, ko romonsu, sai a sake kawowa. Mijin ya ɗan yi jim yace, "Likita har da ni? Ni lafiyata ƙalau." Nace, "Malam lafiyar taka ce muke so mu auna tata da ita." Ya yarda, Allah ya saka masa, mutum ne mai haƙuri.

Salon duban ma na canza, kuma abokin nan nawa ne ya tuna min da hanyarsu ta dabbobi. Ƙwan Fasciola nauyi gare shi, ba ya tasowa sama a ruwan gishirin da ake tada ƙwan hukwom da shi, nutsewa yake, kuma a mutum tsutsar ba ta zuba ƙwai da yawa, yau ta zuba gobe ta yi shiru, dan haka lakaton kan ashana caca ce. Sai ka ɗebi kaman cokalin shayi guda ka dama a ruwa, ka tace da bandeji a kofi mai tsinin gindi, ka bari ya kwanta, ka tsiyaye na sama a hankali, ka ƙara ruwa, haka sau uku ko huɗu har ruwan ya yi garau, sai ka ɗauki gurɓin ƙasan ka ɗiga masa shuɗin rinin da ake kira metilin bulu. Duk tarkacen abinci sai ya rine shuɗi, ƙwan kuma ya ƙi rinuwa, ya fito ruwan zinare a tsakiyar shuɗi ko daga nesa. Ba inji ba lantarki, kofi ne da haƙuri. Su a wajen shanu da haka suke rabe shi da ƙwan tsutsar tumbi, wanda girmansu kusan ɗaya amma shi fari-fari ne kaman toka.

Zagayen farko mutum uku suka nuna ƙwai, ita da mijin da babban ɗansu. A na mijin har da wasu ƙananan ƙwai masu duhu kaman gasasshen kofi, ɓawo mai kauri, wajen maikiron 40, na Dicrocoelium, wata ƙaramar tsutsar hantar dabbobi ce da ake samu a Afirka ta Yamma wadda kamuwa da ita na gaske sai mutum ya haɗiyi tururuwa mai ɗauke da ita, dan haka ganinta a bayan gida kusan kullum shaidar cin hanta ce. Bayan kwana bakwai na mijin fes, na yaron fes. Nata kuwa na karɓa kwana uku daban-daban, biyu a ciki da ƙwai. A ranar na rubuta Fasciola da hannuna, ban saka nau'i ba dan girman ƙwan nau'o'inta biyu, hepatica da gigantica, yana shiga na juna, maganinsu kuma ɗaya ne.

Sai a lokacin na zauna na mata tambayoyin da ya kamata a yi tun Afrilu. Lambun nasu yana gangaren wani kududdufi ne da shanun Fulani suke sha da rani, da shi ake ban ruwa, kuma in an yanko lansir da latas a bakin ruwan ake ɗauraye ƙasar jikinsu kafin a kai gida. Ita ke tsincewa ita ke yankawa, tana yi tana kaiwa baki, tun sanyi har shigowar azumi. Lissafin ya zauna daram, ta haɗiya wajen ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, zazzaɓi daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, ƙwai a Yuni.

Samun magani shi ya zama wani aikin. Maganinta tiriklabendazol ne, miligiram 10 kan kowane kilo na nauyin mutum, na mutane ana kiransa Egaten, ƙwaya ɗaya miligiram 250. A Misira aka fara yi masa rajista dan mutane a 1997, Amurka ma sai 2019 ta amince da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana raba shi kyauta ga ƙasashen da suka nema, ita ce ma ta ƙiyasta aƙalla mutum miliyan 2.4 ne ke ɗauke da cutar a ƙasashe sama da 70. Mun zaga manyan kemis na birni ba wanda ya taɓa jin sunansa. Abin takaicin shine a shagon magungunan dabbobi ga shi nan a jarka ana ɗura wa shanu, har wani ya ba mijin shawara ya saya ya auna mata a cokali. Ya zo ya tambaya, Dakta ya hana shi da kakkausar murya, na dabbobi ƙarfinsa daban ne kuma sau da yawa a haɗe yake da wasu magungunan da za su iya illata mutum. Daga ƙarshe wani ɗan uwan Dakta da ke karatu a Alƙahira ne ya taho da shi da ya zo hutu, sai da muka jira kusan sati uku, ana riƙe ta da maganin murɗa.

Nauyinta kilo 50, aka ba ta ƙwaya biyu bayan ta ci abinci mai maiƙo dan ya fi shiga jiki, bayan awa 12 aka ƙara biyu. Dakta ya gargaɗe su tun kafin ta sha cewa tsakanin kwana uku zuwa bakwai murɗar za ta iya tashi fiye da da, lokacin da matattun tsutsotsin suke fita ta hanyar matsarmama, kada su ce magani ne ya ƙi ta. Haka kuwa aka yi, kwana na huɗu da daddare suka zo a babur tana kuka, aka mata Buscopan, maganin murɗa, aka kwantar da ita kwana biyu ana lura ko hanyar za ta toshe, Allah ya taimaka ba ta toshe ba. Bayan wata guda bayan gida ba ƙwai, bayan wata uku na duba sau uku ba ko ɗaya, iyosinofil sun sauko ƙasa da goma, ta yi ƙiba har ban gane ta ba da ta shigo da mayafinta.

Maganar lambu mun yi ta da mijin sosai. Na gaya masa ɗauraya da ruwa kaɗai ba ta ciccire kwanson nan daga ganye dan mannewa yake, dafawa ce take kashe shi tabbas, kuma abinda zai iya yi yanzu shine ya daina wanke ganyen ci ɗanye a kududdufin, a kai gida a wanke da ruwan burtsatse, ruwan sha ma daga can. Yace na wanki zai iya, amma ban ruwa ba shi da wani ruwan, shanu kuma ba nasa bane balle ya hana su sha. Ban da amsar da zan ba shi a kan wannan, sai dai abokina ya yi alkawarin zai yi magana da ardon wajen a kan ba shanun magani kafin rani.

Cikin mutum biyar ɗin nan akwai 'yarta mai shekara 13, wadda take taya ta tsince ganye kuma ita ke fita talla. Bayan gidanta bai nuna komai ba a zagaye na farko da na biyu, amma da yake hankalina bai kwanta ba na roƙi a bar ni in ɗebi jininta, iyosinofil ɗinta suka fito ashirin da wani abu, ita kuma in ka tambaye ta sai tace cikinta yana ɗan ciwo wani lokaci shikenan. Na ce uwar ta dinga turo min samfurinta duk sati biyu. Na uku babu, na huɗu babu. A na biyar, cikin watan Agusta, bayan na tsiyaye kofi sau huɗu na duba gilashi shida, a na shidan can gefe kusa da bakin murfi na ga guda ɗaya tak, ruwan zinare a cikin shuɗi, gidan kuma rabonsu da hanta tun sallah. Na kira yaron nan ɗan bautar ƙasa ya leƙa, bai ce komai ba ya ɗauko takarda, kafin ya rubuta ya fita baranda ya tambayi uwar abinda yarinyar ta ci a satin. Dakta ya sake kiran Alƙahira a daren.